Kibod maras waya da haɗarin satar bayanan sirri

Binciken da masana tsaron kwamfuta suka gudanar tun daga shekarar 2007 ya nuna cewa ana iya karanta abin da mutum ke bugawa a kan wasu nau'o'in kibod marasa waya daga nesa, ba tare da an taɓa kwamfutarsa ba.

A wasu nau'o'in kuma, ana iya aika wa kwamfutar umarnin bogi, ta karɓa tamkar mai ita ne ya buga.

Matsalar tana cikin ƙirar na'urorin ne, wato allon madannan da aka fi sani da kibod, da kuma 'yar na'urar da ake sokawa a jikin kwamfuta domin karɓar saƙonsa. Don haka manhajar riga-kafi ba ta maganinta, kuma da dama daga cikin na'urorin ba su gyaruwa.

Batun ya shafi garuruwa irin su Kankiya, da ke kan hanyar Katsina zuwa Kano, da maƙwabciyarta Kusada, inda mutane da yawa ba su mallaki kwamfuta ba, sai dai su je shago a yi musu aiki.

Abin da ake bugawa a shago

A shekarun baya aikin shagon kwamfuta bai wuce buga wasiƙa da katin gayyata da ɗaukar hoton takardu ba.

Yanzu lamarin ya sauya. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014, sannan a watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN.

Ɗalibin da ke son duba sakamakon WAEC ko NECO, da ɗalibar makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta Kankiya da ke son biyan kuɗin makaranta, da matashin Kusada da ke cike takardar neman aiki, duk sukan bi ta gaban kwamfutar wani.

A nan ake buga sunan mutum da ranar haihuwarsa da lambar NIN da adireshin imel da kalmar sirri, a wasu lokuta har da lambobin katin banki.

Duk waɗannan bayanai ta kibod suke shiga. Idan kibod ɗin mai waya ne, saƙon yana bi ta cikin wayar kai tsaye zuwa kwamfuta. Idan kuwa maras waya ne, sai ya fara fita cikin iska tukuna.

Makullin da ake gani a saman shafin banki ko na hukuma yana kare saƙo ne tsakanin kwamfuta da intanet. Ba shi da iko a kan ɗan tazarar da ke tsakanin yatsun mai bugawa da kwamfutar.

Yadda na'urar ke aiki

Kibod maras waya ƙaramar tashar rediyo ce mai aiki da batir. Duk lokacin da aka danna harafi, sai ƙwayar lantarkin da ke cikinsa ta mayar da harafin lamba, ta watsa ta.

Makarɓin da ke soke a kafar USB shi ne akwatin rediyon da ke kama tashar. Yana karɓar lambar ya miƙa wa kwamfuta.

Ita kwamfutar ba ta bambanta makarɓi da kibod mai waya. Ƙa'idar USB ta tanadi cewa duk na'urar da ta gabatar da kanta a matsayin kibod, a amince da ita ba tare da tambaya ba. Duk abin da makarɓi ya ce an buga, kwamfuta za ta ɗauka an buga.

Nau'o'in farko sun yi aiki ne a kan zangon megahaz 27. Daga baya kamfanoni suka koma zangon gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi da Bluetooth su ma ke amfani da shi.

Kamfanoni da yawa sun yi amfani da ƙwayoyin rediyo na jerin nRF24L, waɗanda kamfanin Nordic Semiconductor na birnin Trondheim a ƙasar Norwe ke ƙerawa. Waɗannan ƙwayoyi suna samar da hanyar aikawa da karɓar saƙo, amma tsarin kare saƙon an bar wa kowane kamfanin kibod ya shirya nasa.

Daga nan ne matsalar ta samo asali. Wasu kamfanonin sun kulle saƙon da tsari mai ƙarfi, wasu sun kulle shi da tsari mai rauni, wasu kuma sun bar shi a buɗe.

Hanyoyin kutse

Masu bincike sun nuna manyan hanyoyi huɗu da ake iya cin gajiyar wannan rauni.

Ta farko ita ce saurare. Mai kutse yana kama saƙon da kibod ke watsawa, ya mayar da shi haruffa, ya karanta.

Ta biyu ita ce cusa rubutu. Mai kutse yana kwaikwayon kibod ɗin, ya aika wa makarɓi da umarnin da yake so, kamar buɗe wani shafi ko sauke muguwar manhaja.

Ta uku ita ce maimaitawa. Ko da saƙon a kulle yake, ana iya naɗe shi a lokacin da mai kwamfuta ke buga kalmar sirrinsa, sannan a sake watsa shi bayan ya tashi. Idan makarɓin ba ya gane saƙon da ya riga ya karɓa, kwamfutar za ta buɗe.

Ta huɗu ita ce satar mabuɗi. Kibod da makarɓi suna da mabuɗin sirri da suke kulle saƙo da shi. A wasu nau'o'in ana iya samun mabuɗin a lokacin da ake haɗa na'urorin biyu a karon farko, ko kuma a ciro shi daga cikin makarɓin idan ya shiga hannun mai kutse na ɗan lokaci.

Tarihin gano raunin

Leƙen asiri ta hanyar madannai ya girmi kwamfutar tebur. A 1984 hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, ta gano na'urorin da Tarayyar Sobiyet ta dasa a cikin tafireta 16 ƙirar IBM Selectric a ofishin jakadancin Amurka da ke Mosko da ƙaramin ofishinta na Leningrad. Na'urorin sun riƙa watsa abin da ake bugawa ta rediyo.

A wancan lokacin sai ƙasa mai ƙarfi ke iya irin wannan aiki, domin sai an dasa wa na'urar rediyo a ɓoye. Kibod maras waya kuwa da rediyonsa yake fitowa daga masana'anta.

A ƙarshen 2007, Max Moser da Philipp Schrödel na kamfanin Dreamlab Technologies da ke Suwizalan sun bayyana cewa sun karya tsarin sirrin wasu kibod na Microsoft masu aiki a kan megahaz 27.

Sun gano cewa ana gauraya kowane harafi ne da lamba guda, wadda ba ta wuce ɗaya daga cikin 256 ba. Kwamfuta kan gwada dukansu cikin ƙiftawar ido.

A 2009 Moser da Thorsten Schröder suka fitar da wata na'urar gwaji mai suna KeyKeriki, sannan a 2010, a taron CanSecWest a birnin Vancouver na Kanada, suka nuna sabuwarta mai kama saƙon gigahaz 2.4.

A wannan karon sun gano cewa wasu kibod na Microsoft suna kulle saƙo ne da lambar adireshin na'urar, alhali kuwa ana watsa wannan lamba a fili tare da kowane saƙo. Lamarin ya yi kama da a garƙame ƙofa da kwaɗo, sannan a rataye mabuɗin a jikin ƙofar.

A 2011 wani mai bincike ɗan Amurka, Travis Goodspeed, ya nuna dabarar tilasta wa ƙwayar nRF24L01+ mai araha ta riƙa sauraren saƙon na'urorin da ba nata ba. Wannan ya rage kuɗin kutsen ƙwarai.

Caja mai kunne

A watan Janairun 2015, Samy Kamkar, shi ma ɗan Amurka, ya nuna wata na'ura da ya kira KeySweeper.

A ido cajar waya ce irin wadda ake sokawa a bango, kuma tana cajin wayar. A cikinta kuwa akwai rediyon da ke naɗe duk abin da ake bugawa a kan tsofaffin kibod na Microsoft da ke kusa.

Kamkar ya ce ana iya haɗa mafi sauƙinta da kayan da ba su wuce dala 10 ba. Wadda aka sanya wa layin waya tana iya aika saƙon tes idan aka buga wata kalma da aka zaɓa, kamar sunan banki. Tana kuma da ɗan batir da ke ci gaba da aiki ko an zare ta daga bango.

Microsoft ya mayar da martani da cewa nau'o'in kibod ɗinsa na gigahaz 2.4 da aka ƙera daga watan Yulin 2011 suna amfani da tsarin sirri na AES, don haka na'urar ba ta iya karanta su.

Duk da haka, a watan Afrilun 2016 hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta aika wa kamfanoni takardar gargaɗi kan irin wannan na'ura.

Ta ƙofar linzami

A watan Fabrairun 2016 ne Marc Newlin na kamfanin Bastille Networks da ke Amurka ya bayyana raunin da aka sanya wa suna MouseJack.

Ya gano cewa kamfanonin da suka kulle saƙon kibod ba su damu da kulle na linzamin kwamfuta ba, wato maus, bisa tunanin cewa babu sirri a cikin motsinsa.

Sai dai makarɓi ɗaya ne ke karɓar saƙon na'urorin biyu. A wasu nau'o'in, mai kutse kan yi shigar linzami, sannan ya aiko da haruffa, makarɓin ya miƙa su ga kwamfuta ba tare da ya lura cewa linzami ba ya rubutu ba. A wasu kuma makarɓin yana karɓar haruffan da ba a kulle ba, duk da cewa kibod ɗinsa na ainihi kullewa yake yi.

Raunin ya shafi kayayyakin Logitech da Dell da HP da Lenovo da Microsoft da Gigabyte da Amazon.

A cewar Bastille, ana iya kai harin daga nisan da ya kai mita 100, da na'urar da ba ta wuce dala 15 ba, kuma ana iya buga umarni da saurin da babu ɗan Adam da zai iya.

Logitech ya fitar da sabuwar manhajar ciki domin gyara makarɓansa na Unifying. Lenovo ya yi tayin musanya na'urorin da abin ya shafa. Microsoft kuwa ya fitar da wani gyara na zaɓi ga Windows a watan Afrilun shekarar.

Amma makarɓai da yawa an ƙera su ne da ƙwaƙwalwar da sau ɗaya ake rubuta mata umarni. Irin waɗannan babu yadda za a gyara su.

Waɗanda ba a kulle ba sam

Bayan wata biyar, a Yulin 2016, Newlin ya sake fitar da sakamakon wani bincike mai suna KeySniffer.

Ya gwada kibod masu araha na kamfanoni 12, ya tarar cewa na takwas daga cikinsu ba su da wani tsarin sirri ko kaɗan. Sunayen da ke jikinsu su ne Anker da EagleTec da General Electric da HP da Insignia da Kensington da Radio Shack da Toshiba.

Bastille ya ce ana iya karanta abin da ake bugawa a kansu daga nisan kimanin mita 75, da kayan aikin da ba su kai dala 100 ba.

Bugu da ƙari, makarɓan waɗannan kibod suna watsa sigina a kai a kai ko da babu mai rubutu, abin da ke bai wa mai kutse damar gane ginin da ake amfani da su tun kafin ya fara saurare.

Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a daina amfani da su, a koma kibod mai waya ko mai Bluetooth, tun da ba su gyaruwa.

A shekarar ce kuma Matthias Deeg da Gerhard Klostermeier na kamfanin SySS da ke Jamus suka gwada kibod masu tsarin AES na kamfanoni irin su Cherry da Fujitsu da Logitech da Microsoft da Perixx. Sun nuna cewa a wasu daga ciki harin maimaitawa yana aiki, wato ana iya buɗe kwamfuta da kalmar sirrin da mai kutsen bai ma san ta ba.

Wannan ya tabbatar da cewa rubuta AES a jikin kwali bai isa ba, sai an duba yadda aka yi amfani da shi.

Makarɓin Unifying

Logitech ya ƙaddamar da makarɓin Unifying a 2009. Ana gane shi da alamar tauraro mai ruwan lemo, kuma yana iya haɗuwa da na'urori har shida.

A watan Yulin 2019 wani mai bincike Bajamushe, Marcus Mengs, ya bayyana sababbin raunuka a cikinsa.

Ɗaya daga ciki shi ne, wanda ya saurari lokacin da ake haɗa kibod da makarɓi zai iya gano mabuɗin, daga nan ya riƙa karanta duk abin da ake bugawa. Wani kuma shi ne ana iya ciro mabuɗin daga wasu makarɓan cikin ɗan ƙanƙanin lokaci idan mutum ya samu damar riƙe su.

Logitech ya gyara raunin ciro mabuɗi, amma ya ce ba zai gyara na lokacin haɗawa ba. A maimakon haka ya shawarci jama'a da su riƙa haɗa na'urorinsu a inda suka tabbata babu wanda ke saurare a kusa.

A wannan lokacin ne kuma kafar labaran fasaha ta The Verge ta ruwaito cewa, shekara uku bayan gano MouseJack, ana ci gaba da samun makarɓan da ba a gyara ba a cikin kwalayen da ake sayarwa sababbi.

A 2021 kamfanin ya fitar da sabon makarɓi mai suna Logi Bolt, wanda aka gina a kan Bluetooth mai tsaro mafi ƙarfi. Ba ya aiki da tsofaffin na'urorin Unifying.

Bluetooth da wayar hannu

Bluetooth ya bambanta da sauran tsare-tsaren domin ƙa'ida ce guda da kamfanoni suka amince da ita, kuma masana da yawa sun nazarce ta. Amma shi ma an same shi da rauni.

A watan Disambar 2023, Newlin ya bayyana cewa ana iya yaudarar wayoyin Android da kwamfutocin Linux da na'urorin Apple su karɓi kibod na bogi ta Bluetooth, ba tare da sun nemi izinin mai su ba.

A wayar Android, abin da ake buƙata kawai shi ne Bluetooth ya kasance a kunne. Mai wayar ba sai ya taɓa mallakar kibod ba. Daga nan mai kutse zai iya aiwatar da duk abin da ba ya buƙatar lambar sirri ko zanen yatsa.

Raunin ya shafi nau'o'in Android tun daga na 4.2.2. Google ya fitar da gyara ga Android 11 zuwa 14, amma tsofaffin da suka gabace su ba su samu ba. Apple ya gyara nasa a iOS 17.2, sannan a Janairun 2024 ya fitar da wani gyaran ga kibod ɗinsa na Magic Keyboard.

Wannan ɓangare ya fi shafar jama'ar Kankiya da Kusada kai tsaye, ganin cewa masu wayar Android sun fi masu kwamfuta yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawa sukan bar Bluetooth a kunne saboda abin sauraren kunne ko lasifika.

Dalilin da ya sa tsohon rauni bai mutu ba

Mai karatu na iya cewa yawancin waɗannan bincike sun kai shekara goma, don haka sun zama tarihi.

Sai dai kibod ba ya tsufa da wuri. Wanda wani ofishi a Turai ko Amurka ya yar a 2016 yana iya ci gaba da aiki har yau a wani shago.

Kwamfutoci da yawa da ake amfani da su a arewacin Najeriya na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su ta Legas, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, su iso titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, kafin su bazu zuwa ƙananan garuruwa.

Ƙurar hunturu da yawan aiki kan kashe madannan kwamfutar tafi-da-gidanka. Maimakon a sauya su, sau da yawa mai ita kan sayi kibod na waje, kuma masu araha marasa waya, da ake haɗawa da linzami a kwali ɗaya, suna da farin jini.

Wasu daga cikin waɗannan ba su ɗauke da sunan wani sanannen kamfani, balle a samu shafin da za a sauke gyara. Hausawa dai na cewa araha ba ta ado.

Hatta na'urorin da ke da gyara, sai mai su ya san da shi, ya sauke manhajar, ya soka makarɓin ya sabunta shi da kansa. Kuma inda ake kashe sabunta Windows domin tattalin data, gyaran da Microsoft ya fitar ba zai taɓa isowa ba. Kamfanin ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025.

Iyakar haɗarin

Wannan nau'in kutse yana da iyaka. Dole mai yin sa, ko na'urarsa, ya kasance a kusa. Ba a yin sa daga wata ƙasa.

Nisan da masu bincike ke ambatawa an same shi ne a fili, da eriya mai kyau. Bangon siminti ko na ƙasa da ƙofar ƙarfe suna rage shi sosai.

Harin cusa rubutu kuma yana buƙatar kwamfuta ta kasance a kunne kuma a buɗe, sannan mai kutsen ba ya ganin fuskarta, sai dai ya yi ta bugawa a makance.

Haka kuma akwai hanyoyin da suka fi wannan sauƙi ga ɓarawo, kamar kiran waya da sunan ma'aikacin banki, ko leƙen hannun mai bugawa, ko duba littafin da wasu shaguna ke rubuta kalmomin sirrin abokan cinikinsu a ciki.

Shi kansa kibod mai waya ba a ce ya tsira ɗari bisa ɗari ba. A 2008 Martin Vuagnoux da Sylvain Pasini na jami'ar fasaha ta EPFL da ke Lausanne a Suwizalan sun nuna cewa ana iya kama siginar da ke yoyo daga wayar kibod daga nisan da ya kai mita 20. Amma wannan yana buƙatar kayan aiki da ƙwarewar da suka zarce na sauraren kibod maras waya.

Abin da ya sa raunin maras waya ya bambanta shi ne ba ya barin sawu. Shagon da ke bakin kasuwa ko tasha, inda jama'a ke zama a kan benci suna jiran layi, wuri ne da baƙo zai iya daɗewa ba wanda ya tambaye shi. Idan daga baya kuɗi suka ɓace a asusun wani, mai shagon ko yaronsa za a fara zargi, ko da ba su ci amanar kowa ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Najeriya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a 2015, aka kuma yi mata gyara a 2024, ta haramta kama bayanan kwamfuta da ba na jama'a ba ta hanyar na'ura ba tare da izini ba, haka nan shiga kwamfutar wani ba bisa ƙa'ida ba.

Dokar ta kuma wajabta wa masu shagunan intanet yin rajista da ajiye rajistar masu amfani da kwamfutocinsu.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC.

A ƙarƙashinta, duk wanda ke tattara ko sarrafa bayanan mutane wajibi ne ya ɗauki matakan da suka dace domin kare su. Idan bayanan suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72.

Wannan nauyi ya hau kan makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati da 'yan kasuwa, kuma zaɓin kayan aikin da ake buga bayanan da su yana daga cikin matakan kariyar.

Matakan kariya

Mataki mafi sauƙi shi ne amfani da kibod da linzami masu waya a duk kwamfutar da ake buga bayanan wasu, ko ake harkar kuɗi a kanta. Galibi sun fi marasa waya araha, kuma ba su cin batir.

Sauya kibod kaɗai bai wadatar ba. Matuƙar makarɓin yana soke a jikin kwamfuta, ko da don linzami ne, ƙofar MouseJack tana iya kasancewa a buɗe. Makarɓin da ba a amfani da shi a zare shi.

Mai makarɓin Unifying zai iya sauke manhajar sabuntawa daga shafin Logitech ya gyara shi. Wanda ya sayi na hannu kada ya ɗauka an riga an gyara.

Wanda dole sai ya yi amfani da maras waya, ya nemi na sanannen kamfani mai tsarin AES ko Bluetooth na zamani, wanda kamfanin ke ci gaba da fitar wa gyara.

A riƙa kulle fuskar kwamfuta duk lokacin da za a tashi, ko da zuwa salla ko cin abinci ne. A Windows ana yin haka ta danna madannin Windows tare da harafin L.

Kada a bar makarɓi a hannun wanda ba a sani ba, kuma a lura da duk caja ko na'urar da aka gani soke a bangon shago ko ofis ba a san mai ita ba.

Mai wayar Android ya kashe Bluetooth idan ba ya amfani da shi, musamman idan wayar tsohuwa ce da ta daina samun sabuntawa.

Ga wanda ya je shago kuwa, yana da haƙƙin duba irin kibod ɗin da za a buga bayanansa da shi. Ya fi kyau ya yi harkar banki a wayarsa, ya kunna tsarin tantancewa mai mataki biyu a imel ɗinsa, sannan ya sauya kalmar sirrin da ya buga a kwamfutar wani da zarar ya koma gida.